Agogon kabon: ba ya tsatsa, ba ya lotsawa, amma tsufansa ba ya gyaruwa

A shekarar 2007, lokacin da ƙungiyar tseren jiragen ruwa ta Alinghi ta ƙasar Suwizalan ta je birnin Valencia na Sifaniya domin kare kofin America's Cup, kamfanin Audemars Piguet, wanda yake cikin masu ɗaukar nauyinta, ya fitar da wani agogo da ya ba masu sha'awar agoguna mamaki. A ido, Royal Oak Offshore ne da aka saba gani, ƙato mai cika wuyan hannu. A tafin hannu kuwa, sai a ji kamar an kwashe abin da ke cikinsa. Launinsa baƙi ne mai dishi-dishi, da zane-zane irin na dutsen marmara. Da zaren kabon aka gina gidansa, wato ƙoƙon da ke riƙe da inji da gilashi.

Yanzu waɗannan agoguna na farko sun doshi shekara 20 a hannun masu su. An sa su a rana, an yi gumi da su, an buga su da ƙofar mota, wasu sun sauya hannu sau uku ko huɗu. Abin da a da alkawari ne a takardar talla ya zama abin da ake iya dubawa da ido.

Batun ya shafi Abuja fiye da yadda ake zato. Ana ganin irin waɗannan agoguna a zaurukan taro da ɗakunan jiran jirgi, kuma sau da yawa ba mai agogon ne ke kula da shi ba. Mataimaki ne ake miƙa wa ya ajiye, ya goge, ko ya tafi da shi ƙasar waje a duba lafiyarsa. Akwai kuma ma'aikacin da ake yi wa tayin na hannu da sunan ajiyar kuɗi ne da faɗuwar naira ba za ta taɓa ba. Duk su biyun suna bukatar sanin abu guda: kabon yana tsufa, kuma tsufansa ya sha bamban da na ƙarfe da zinare.

Zare da danƙo

Abin da ake kira gidan kabon haɗi ne na abu biyu. Na farko shi ne zaren kansa, wanda kaurin kowane sili bai wuce maikuron 5 zuwa 10 ba. Maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka silin gashin mutum ya ninka shi kauri sau da yawa. Ana samun zaren ne ta hanyar gasa wani zaren roba a wuta mai tsanani, har sauran sinadarai su fice su bar kabon kusan zalla. An inganta wannan fasaha a Japan da Ingila a farkon shekarun 1960. A 1981 kamfanin McLaren ya gina gangar jikin motar tserensa MP4/1 da shi, kuma a yau kusan rabin nauyin jirgin sama samfurin Boeing 787 irin wannan haɗin ne.

Na biyu shi ne danƙon da ke riƙe zaren. Zare shi kaɗai ba ya tsayawa. Sai an jiƙa shi da danƙo, an matse, an gasa, sannan ya zama abu mai tauri da za a iya sassaƙawa.

Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya riga ya san wannan dabara. Magini yana cuɗa laka da ramno domin ciyawar ta hana bango tsagewa, lakar kuma ta riƙe ciyawar. Idan damina ta yi ta dukan bangon, lakar ce ke fara zaizayewa har ciyawar ta leƙo. Haka abin yake a agogon kabon. Zaren ba ya tsatsa, ruwa ba ya cinsa, rana ba ta koɗar da shi. Kusan duk alamar tsufa da za a gani a jikin agogon, daga danƙon take farawa.

Abin da ya jawo masu ƙera agogo ga wannan haɗi shi ne rashin nauyi. Idan aka yanki gutsure masu girma ɗaya, inda na kabon ya kai kimanin giram 1.5, na taitaniyom zai kai 4.5, na ƙarfe mara tsatsa kusan 8, na zinare mai karat 18 kuwa kimanin 15. Wannan ne ya ba Rafael Nadal damar buga gasar Roland Garros ta 2010 da agogon Richard Mille RM 027 a hannunsa. Nauyinsa kimanin giram 20 ne har da maɗauri, kuɗinsa kuma ya haura dala dubu 500.

Gini iri biyu, tsufa iri biyu

Ba duk gidan kabon ne iri ɗaya ba, kuma yadda aka gina shi ne ke nuna yadda zai tsufa.

Hanya ta farko ita ce wadda Audemars Piguet ya bi a 2007. Ana yayyanka zaren gajeru-gajeru, a auna, a cusa a mazubin ƙarfe, a matse da zafi. Zaren na kwanciya ta ko'ina ba tare da tsari ba, shi ya sa babu agogo biyu masu zane iri ɗaya. Sai dai a saman irin wannan gida akwai wuraren da zare ya fi yawa, akwai inda danƙo ya taru. Waɗannan wurare ba sa cinyewa da sauri ɗaya, don haka bayan shekaru zanen kan ƙara fitowa fili, wasu sassa su yi sheƙi, wasu su ci gaba da dishi-dishinsu.

Hanya ta biyu ta falle-falle ce. A 2013 Richard Mille ya fara amfani da kayan wani kamfanin Suwizalan mai suna North Thin Ply Technology, wanda asalin aikinsa filafilan jiragen ruwan tsere ne. Ana shimfiɗa fallaye da kaurin kowanne bai wuce maikuron 30 ba, a karkata kowane falle da digiri 45 daga na ƙasansa, har ɗaruruwa su hau kan juna. Daga nan a gasa su a digiri 120 na ma'aunin Salshiyos, a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar da ake shaƙa kusan sau shida, sannan inji ya sassaƙo gidan agogo daga dunƙulen. Sakamakon shi ne layuka masu lanƙwasa kamar na jikin katako. A 2015 kamfanin Panerai ya fito da nasa mai suna Carbotech, inda ya haɗa fallayen da wani danƙo da ake kira PEEK, wanda sai zafi ya kai digiri 343 yake narkewa, kuma ba kasafai sinadarai ke yi masa illa ba.

Gidan falle-falle ya fi daidaito wajen cinyewa, domin zare da danƙo sun rabu daidai a ko'ina. Rauninsa yana gefe, inda bakunan fallayen suka fito waje. Bugu mai ƙarfi a kan kusurwa na iya ɗaye falle daga falle, kamar yadda gefen littafi ke buɗewa idan ya faɗo ta kusurwa.

Sheƙin da ba a nema ba

Alamar tsufa ta farko ba ta da hayaniya. Sabon gidan kabon dishi-dishi yake, ba ya mayar da haske. Bayan shekaru ana sawa, kusurwoyi da kunnuwan da ake ɗaura maɗauri a kansu sukan fara sheƙi, kaifin gefe kuma ya ɗan dakushe. Gogayya ce ke jawo haka: fata, maiƙon jiki, gefen tebur, da bakin hannun riga. Kaftanin shadda da ya sha sitaci, ko mai aikin surfani a bakin hannu, yana goga agogo duk lokacin da hannu ya motsa. Kowace goga ba komai ba ce, amma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

A nan kabon yana da wata fa'ida da ta sa wasu ke zaton ba ya karcewa. Yana karcewa, domin danƙon da ke samansa ya fi ƙarfe laushi nesa ba kusa ba. Bambancin shi ne karce a jikin ƙarfe mai sheƙi yana ɗaukar ido nan take, a jikin kabon kuwa yakan ɓace cikin zanen. Launin baƙin ma ba fenti ba ne da zai ɗaye ya nuna fari a ƙasa, kamar yadda ake gani a agogon ƙarfe da aka yi wa baƙin rufi. Baƙin ya ratsa har ciki. Daga nesa, agogon kabon mai shekara goma kan fi na ƙarfe tsaransa kyan gani. Sai an kawo shi kusa da taga za a ga abin da shekaru suka yi.

Rana, ƙura da turare

An ƙera waɗannan agoguna a ƙasa mai sanyi da tsaunuka, amma a Abuja suna haɗuwa da abubuwa uku da ke gaggauta tsufan danƙo.

Na farko rana. Birnin yana kimanin digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana na dukansa kai tsaye duk shekara. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, kuma shi ne ke karya sinadaran danƙo irin na ifoksi. A hankali saman kan yi ɗorawa-ɗorawa ko toka-toka, wani lokaci kamar an barbaɗa masa alli. Illar ba ta shiga ciki sosai, ba ta kuma raunana gidan, amma tana sauya kamanninsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake yi wa jiragen sama masu jikin kabon fenti. Agogo kuwa a tsirara ake barinsa, domin zanen ne abin sayarwa. Barinsa a gaban mota da aka ajiye a rana a watan Maris, lokacin da zafin gari kan haura digiri 35, ya fi komai muni, kuma a nan man inji da robobin da ke hana ruwa shiga ne ke fara wahala tun kafin gidan.

Na biyu ƙurar hunturu. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara tsakanin Nuwamba da Maris tana ɗauke da ƙurar da kaso mai yawa nata ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, kuma a cikinta akwai ƙananan ƙwayoyin rairayi da masana ke kira kwaz. A ma'aunin tauri na Mohs, wanda ya tsaya a 10, kwaz yana mataki na 7, gilashin safaya da ke fuskar agogon yana na 9. Saboda haka gilashin zai tsira, ƙarfe zai karce, danƙo kuwa ba shi da kariya ko kaɗan. Wanda ya ɗauki busasshen hankici ya goge agogon da ƙura ta hau, samfefa ya sa masa, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Na uku turare. Na fesawa yana ɗauke da sinadarin alkohol, haka ma man tsabtace hannu, kuma maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET sananne ne wajen lalata roba. Danƙon PEEK yana jure yawancinsu, amma ba kowane danƙo ke da wannan juriya ba, kuma maɗaurin roba da robobin cikin maɓallai ba su da ita. Ruwan alwala da na wanke hannu ba sa cutar da kabon. Abin lura a nan shi ne a tabbatar maɓallin saiti a rufe yake.

Ranar da ya faɗi

Idan agogon ƙarfe ko na zinare ya faɗi a kan tayil, yakan lotsa. Ƙarfen ya karɓi bugun, ya sauya siffa, ya zauna a haka. Kabon ba ya lotsawa. Ko dai ya tashi lafiya kamar ba abin da ya faru, wanda shi ne ya fi yawa saboda rashin nauyinsa na rage ƙarfin faɗuwar, ko kuma ya ɓantare a gefe, ko ya tsage. Masu kula da jiragen sama sun daɗe da sanin cewa kabon na iya tsagewa ta ciki alhali samansa bai nuna komai ba, shi ya sa suke duba shi da na'urar da ke aika sauti cikin jikinsa. A agogo, irin wannan ɓoyayyiyar tsaga na iya buɗe wa ruwa hanya. Duk agogon da ya sha mummunar faɗuwa ya kamata a sake gwada juriyarsa ga ruwa kafin a kusanci famfo da shi.

Wani wurin rauni shi ne inda kabon ya haɗu da ƙarfe. Kabon yana ɗaukar lantarki, kuma idan ya jingina da alminiyom, gumi mai gishiri ya shiga tsakaninsu, alminiyom ɗin ne zai riƙa cinyewa. Taitaniyom yana zama lafiya da shi, shi ya sa ake yawan ganinsa a murfin baya da sukurorin irin waɗannan agoguna. Haka kuma ramin sukuru a jikin kabon ba ya jure yawan kwancewa da ɗaurewa, sai an dasa masa ƙarfe a ciki. Mai gyaran agogo na kasuwa na iya zama gwani a kan agogon ƙarfe, amma idan ba shi da abin auna ƙarfin ɗauri, juyi ɗaya da ya wuce kima ya isa ya tsaga wurin.

Kamfanonin da kansu sun koyi darasi, kuma agogunan da suka biyo baya sun nuna haka. Royal Oak Offshore Diver na kabon da ya fito a 2012 ya zo da zoben fuska na tangaran mai tauri, domin zoben ne ya fi ko'ina shan bugu. Kamfanin Doxa, a agogonsa na masu nutso SUB 300 Carbon na 2020, ya sa injin a cikin wani ƙoƙon taitaniyom, kabon ya zama rigar waje. Audemars Piguet ya ɗauki kimanin shekara takwas bai fitar da sabon gidan kabon irin na mazubi ba, sai a 2024 ya dawo da wani sabon haɗi, yana mai bayanin cewa danƙon cikinsa ya ragu, don haka ya fi na da jure karce.

Babu yaɓe, babu walda

A nan ne kwatancen gidan ƙasa ya tsaya. Bangon da damina ta ci ana yi masa sabon yaɓe, a shafe shi da makuba. Agogon ƙarfe ko zinare ma yana da nasa yaɓen: ana cike lotsawa da waldar leza, a goge, a maido masa da kaifi da sheƙi kusan kamar sabo. Kabon ba ya karɓar walda. Idan aka ce za a goge shi, danƙon sama ne zai tafi, bakunan zare su fito, zanen ya sauya, kuma ba a mayar da abin da ya tafi. Maganin ɓantarewa ko tsaga shi ne a cire sashen gaba ɗaya a sa sabo, kuma sabon sashe sai daga kamfanin da ya ƙera agogon, a farashin da ya yanka da lokacin da ya ga dama. Tunda babu gida biyu masu zane ɗaya, agogon da aka sauya wa sashe ba zai koma kamanninsa na asali ba.

Wannan ne ya kamata mai neman ajiyar kuɗi ya auna. Agogon zinare mai karat 18 kashi 75 cikin 100 na gidansa zinare ne. Ko injinsa ya mutu, ko an daina yayinsa, masu sayen zinare a Kasuwar Wuse za su ɗora shi a sikeli su faɗi kuɗinsa. Gidan kabon ba shi da abin ɗorawa a sikeli. Darajarsa gaba ɗaya ta rataya ne a kan sunan kamfani, lafiyar jikinsa, takardunsa, da kuma ko akwai mai sonsa a ranar da za a sayar. Wasu samfura sun riƙe darajarsu, wasu har sun ƙara, amma ɓantarewa ɗaya a kunne ko a zobe tana rage farashi ta hanyar da ba a gyarawa da araha.

Zanen kabon kuma ba shaidar asali ba ne. Masu yin jabu ma suna amfani da kabon na gaske, kuma rashin nauyi ba ya bambanta su. Lambar agogo, takardun saye, tarihin gyara da tantancewar kamfani ko amintaccen dillali su ne abin dogaro.

Ga wanda aka ba amana

Kula da gidan kabon ba shi da wahala, sai dai yana son a saba. A rufe maɓallin saiti, a ɗauraye ƙura da ruwa mai tsabta tukuna, a bi lungu da burushi mai laushi da ɗan sabulu mara ƙarfi, sannan a tsane da ƙyalle mai taushi. A fesa turare, a bari ya bushe, kafin a ɗaura agogo. A ajiye shi a akwatinsa ko aljihun tebur, nesa da taga da mabuɗai da sauran agoguna. Kada a sa masa man goge ƙarfe, kada kuma a bar kowa ya kwance sukurunsa in ba wanda kamfani ya amince da shi ba.

Mai sayen na hannu ya fita da shi hasken rana, ya karkata shi, ya bi kusurwoyi da kunnuwa da kewayen sukurori da farce. Sheƙi a gefe shaidar an sa shi ne kawai, ba aibi ba ne. Farin layi siriri kusa da sukuru, ko gefe mai kama gashin ƙyalle, shi ne abin tsoro.

Mataimakin da aka miƙa wa agogon maigida kuwa, akwai abu ɗaya da zai cece shi daga zargi: ya ɗauki hotonsa ta kowace fuska a cikin haske, a gaban mai shi, kafin ya sa shi a jaka. Sabon karce a jikin ƙarfe yana ƙyalli, tsoho ya dushe, don haka ana iya gane na jiya da na bara. A jikin kabon, ɓantarewar da ta shekara uku da wadda aka yi a hanyar filin jirgi duk baƙi ne iri ɗaya.